Ayarin Da Ya Ƙi Shiga Motar Gwaji

Motar gwajin huhu ta shigo garinmu ranar Litinin, farar tirela doguwa, an zana huhu biyu a jikinta da idanu da baki, wai suna murmushi. Ko wane ne ya zana abin nan, bai taɓa kwana gida ɗaya da mai tari saboda ƙurar kwal ba. Aka girke ta a filin mahaƙa dab da ɗakin da ake karɓar fitilu, inda dole kowa ya bi kafin ya gangara rami. Mako guda za ta yi ta ƙara gaba.

Ni ce Raelene. Na daɗe ina tuƙa motar kwal a sama kafin bayana ya ce ya gaji, sai ma'aikata suka zaɓe ni wakiliyarsu ta harkar lafiya, wai don ina da baki. Bakin kuwa akwai shi, ban musa ba. Tun kafin tirelar ta gama daidaita zamanta manajanmu, Pritchard, ya aiko a kira ni.

"Raelene, kin san wannan gwajin ba na dole ba ne," ya ce. "Na dolen sai lokacin mutum ya zagayo, shekaru ne tsakani. Wannan na ganin dama ne, amma na'urarsu tana hango abin da tsohuwar ba ta gani. Manyan kamfani na Brisbane suna so su ga an shiga sosai. Ki yi musu magana, suna jin taki."

"Suna jin tawa in na ce an ƙara musu hutu," na ce.

"Ki dai gwada. Duk abin da kike buƙata ki faɗa."

Na ce ina son nama da burodi da albasa, da sandar kamun kifi mai kyau da za a yi ƙuri'a a kanta. Nan take ya amince. Shi adadi yake nema da zai aika wa manyansa. Ni mutum ɗaya nake nema, yayana Lyle.

Lyle shi ne shugaban ayarin da ke aiki a bakin yanka, can ƙuryar rami inda injin ke cin bangon kwal. Mutanensa Tsoho suke ce masa, ni kuma Auta yake ce mini har yau da furfurata. Tun Kirsimetin bara nake lura da shi. In zai hau matakalar barandarsa sai ya tsaya a tsakiya, ya dafa ƙarfe, ya ɗaga kai yana kallon bishiyar mangwaronsa kamar yau ya fara ganinta. "Bana za ta yi 'ya'ya," zai ce. Bishiyar banza ce, ba ta taɓa tsinana komai ba. Numfashi yake jira ya dawo masa. Haka Baba ya fara, kuma mu biyun muka zauna da shi har ƙarshe, da tukunyar iska a gefen gado da roba a hanci. Tsoro nake ji, ba na wasa ba. So nake Lyle ya shiga tirelar nan tun da sauran abin da likita zai iya yi, don gwajinsa na dole da sauran lokaci mai nisa.

Na kafa murhun gashi a bakin ƙofar tirela. Na manna takardu ko'ina, har bayan gida ban bari ba. Na tsaya da cokali a hannu ina kiran mutane da sunayensu, ina cewa, "Sakamakonka sirri ne, tsakaninka da likita. Ka hura bututu, a ɗauki hoton ƙirjinka, ka fito ka ci nama." Masu gyaran injuna suka shiga. Direbobin sama suka shiga. Har 'yan ofis da ba su san ɗanɗanon kwal a harshe ba suka yi layi saboda sandar kamun kifi.

Ayarin Lyle kuwa zuwa suka yi suka ci naman suka wuce abinsu.

Gavin Stoltz, mai gashi ja, shi ne bakin ayarin. Ya miƙo mini burodinsa ya ce, "Ƙara mini albasa, Raelene. In huhu ya lalace ai ciki yana nan."

"Shiga ka hura tukuna."

"Na hura wa ɗan sanda bututun gwajin giya ranar Asabar a hanyar gida, ya ce lafiyata ƙalau."

Suka bushe da dariya. Lyle ya zo wucewa ya ja mini bakin hula, ya ce, "Auta, kin ƙona albasa." Ko kallon tirelar bai yi ba. Na ƙarshensu shi ne Semisi Moala, ƙaton Batonge, baƙo daga wani tsibiri mai nisa, mai 'ya'ya huɗu, mai waƙa a coci. Ya karɓi nasa da hannu biyu, ya ce, "Na gode, 'yar'uwa," kansa a sunkuye. Shi ne ya ba ni mamaki. Semisi mutum ne da ko alamar hanya ba ya ƙetarewa, in an ce a yi abu shi ne na farko.

Na bi su da ido har allon lamba. Kowane mai shiga rami yana da lambarsa ta tagulla a jikin bel. In za ka gangara sai ka rataye ta a ƙugiyar da ke ƙarƙashin sunanka, in ka fito ka cire abarka. Lamba a rataye tana nufin mutum yana ƙasa, kuma babu mai tafiya gida sai an fito da shi. Ba a taɓa lambar wani, ko da wasa. Suka rataye nasu ɗaya bayan ɗaya, ta Lyle da ta Semisi gefe da gefe, suka shige.

Talata ma haka aka yi. Ranar Laraba raina ya ɓaci, na ɗauki hular kwano da fitila na ce zan zagaya duba kayan kariya, na bi su ƙasa.

Wurin da ya fi muni a bakin yanka shi ne ƙasan iska, inda duk ƙurar da injin ya tayar take bi ta kan mutum. Tsarin aiki ya ce karɓa-karɓa ake yi, kowa ya ɗan tsaya a canza shi. Na raɓe gefe ina kallo. Semisi ya tsaya nasa. Da lokacin Lyle ya yi, sai kawai Semisi ya gyara tsayuwa, ya ɗaga babban yatsa, ya ci gaba. Lyle yana can saman iska a kan wata ganga da aka kifa, rediyo a hannu. Da aka zo jan babban tiyo, kafin ya yunƙura Gavin da wani sun riga sun sungume shi. Babu wanda ya kalli wani. Da gani an daɗe ana yi, don hannunsu ya riga ya saba.

Da aka tashi cin abinci na ja Gavin da Semisi bayan ɗakin, inda ƙarar famfo za ta rufe mu.

"Tun yaushe?" na ce.

Gavin ya buɗe baki zai yi shaƙiyancinsa, ya kalli fuskata ya fasa. "Tun bara waccan."

"Wa ya sa ku?"

"Ba a sa mutum. Haba Raelene, ke fa 'yar gidan rami ce. In mutum ya raunana ayarinsa ne ke ɗaukarsa, har ya kai ritaya da ƙafarsa. An ɗauki babanku. Lyle yana cikin waɗanda suka ɗauke shi, yana saurayi."

Wannan ban sani ba.

"Tirelar fa?"

"Mun zauna a mashaya, ba ya nan," in ji Gavin. "In duk muka shiga shi bai shiga ba, kowa ya gane. In kuma ya shiga, ya gama ganin rami. Sai muka ce to babu mai shiga. Ki ce musu taurin kai ne da mu, ai ba ƙarya kika yi ba."

Na juya ga Semisi. Fuskarsa baƙi ƙirin, sai da'irar da takunkumi ya bari a kewayen baki. "Kai kuma da 'ya'yanka huɗu kake tsayuwar mutum biyu a cikin wancan abin?"

"'Yar'uwa," ya ce a hankali, "lokacin da na zo garin nan ban san kowa ba, gwiwata ta ƙi ni tun ina sabo. Tsoho ne ya riƙa ɗaukar kayana wata da watanni, bai faɗa wa kowa ba. Da ba don shi ba da tuni an sallame ni. Ni kuma kin gan ni, ƙirjina ya kai na mutum biyu. Takunkumina sabo ne."

"Matarka Losaline ta sani?"

"Losaline ta san ina zuwa aiki ina dawowa."

Na rasa ko in rungume su ko in kwaɗa musu hular kwano. Sun zauna sun yi shawara da zuciya ɗaya, kuma shawarar ita ce su bar yayana ya ci gaba da shaƙar abin da ke kashe shi, don kada ransa ya ɓaci. Na fito daga ramin zuciyata tana tafasa.

Ranar Alhamis da yamma na same shi a tsakar gidansa yana wanke kwale-kwale, karensa a kwance ƙarƙashin a-kori-kura.

"In wa'azin tirela kika kawo, Auta, bar shi a mota."

"Na shiga rami jiya."

"Na gan ki. Hular ta yi miki yawa."

"Na ga Semisi."

Ya ci gaba da fesa ruwa a wurin da ya riga ya fita fes. "Na ce masa ya bari. Ba sau ɗaya ba. Ya ce shi wurin ya fi masa daɗi, babu mai damunsa da surutu."

"Kai kuma ka yarda."

Ya mai da ruwan ɗaya gefen kwale-kwalen.

"Ka san abin da ya sa ko mutum ɗaya a ayarinka bai shiga gwajin ba?"

"Taurin kai. A wurina suka koya."

"Saboda kai ne. Sun zauna a mashaya ba ka nan, sun ce babu mai shiga, don kada a gane kai kaɗai ne ba ka iya shiga."

Ya saki tiyon, ruwa ya yi ta kwarara a kan takalminsa. Bai sani ba, na gani a fuskarsa. Ya je ya kashe famfo, ya zauna a kan tayar abin jan kwale-kwalen, ya jira numfashinsa.

"In na shiga ba zan sake gangarawa ba," ya ce. "Kin sani, na sani. Ba sai na'ura ta faɗa mini abin da matakalar can take faɗa mini kullum ba. To me zan yi a sama? In zauna a taga ina miƙa wa mutane fitila suna ce mini sannu Tsoho? Tun gemu bai fito mini ba nake ƙasa."

"Numfashi za ka yi a sama."

"Baba ma ai ya fito. Ya yi numfashin?"

Nan na faɗi abin da na zo da shi. "To zauna, ba wanda zai ɗaure ka. Amma ka sani kai ne ka tsaya a ƙofar tirelar nan ka tare ayari guda, da masu ƙananan yara a cikinsu. Kai ka yanke wa kanka hukunci. Su fa, wa ya tambayi matansu?"

Gaskiya na faɗa, amma ba don su na faɗa ba. Shi nake so ya shiga, kuma na san in ba ta wajen mutanensa ba babu inda za a taɓa Lyle ya motsa.

Ya miƙe ya ɗauki tiyon. Sannan ya ce, "Tafi gida, Raelene." Rabon da ya kira ni da sunan nan tun ranar jana'izar Baba.

Juma'a ce ranar ƙarshe. Ina juya nama na hango shi ya taho tun kafin lokacin gangara, ya yi aski, ya sa riga mai tsabta. Ya wuce ni kamar babu ni a wurin, ya nufi tirela. A tsakiyar 'yar matakalar ya tsaya ya dafa ƙarfe. Nan babu mangwaron da zai kalla, sai ya tsaya kawai a gaban kowa yana haki, sannan ya ƙarasa.

Ayarin suka yi cirko-cirko da burodi a hannu. Semisi ne ya fara ajiye nasa a kan tebur ya bi bayansa. Gavin ya ce, "To in Tsoho zai hura, ni wane ne," ya bi. Haka suka jera a bakin ƙofa yadda suke jerawa in za su gangara.

Bangon tirelar ba kauri gare shi ba. Muna jin nas tana cewa, "Ja numfashi sosai. Yawwa, hura, hura, ci gaba, kar ka tsaya." Sai tari ya biyo baya, dogo, irin wanda ba ya son ƙarewa. Mazan suka sunkuyar da kai. Sai Gavin ya ɗaga murya ya fara zagin alƙalin wasan rugbin makon jiya, wani ya musa masa, kafin ka ce me sun kaure da gardama har ba a jin komai daga ciki. Ko a nan ma ɗaukarsa suke yi.

Da ya fito na miƙa masa burodi. Ya karɓa, ya ba wani, ya je ya rataye lambarsa. Sandar kamun kifi kuwa wani ɗan ofis ne ya ci, wanda ko tsutsa ba ya iya taɓawa.

Bayan 'yan makonni aka kira Lyle zuwa asibiti a birnin Mackay, aka ce kada ya sake gangarawa sai ya ga likita. Ni na tuƙa shi. Likitar mace ce mai sanyin murya, ta haska mana hoton, ta nuna farare-fararen tabo da suka haɗe da juna a sama da ƙasa. Na tambaye ta maganin da za a fara. Ta ce tabon kwal ba ya gogewa, abin da za a iya shi ne a rage masa wahala. Ta ce da an gani shekarun baya, da an cire shi daga ƙura tun abin bai kai haka ba. Duk haushin da na yi, duk naman da na gasa, ashe na makara tun kafin tirelar ta taso daga Brisbane.

Lyle ko gezau. Ya yi mata godiya, ya sa hularsa. A hanya abin da kawai ya ce shi ne in tsaya ya sayi fanke mai nama, kuma bai ci ba.

Washegari da hantsi na raka shi ya kwashe kayansa daga akwatin ajiya. Da gangan ya zaɓi lokacin da ayarinsa suke ƙasa, don ba ya son bankwana. Muna fitowa ta ɗakin fitilu ya tsaya a gaban allo, yadda ya saba tsayawa kullum ya ga mutanensa sun cika. Ƙugiyarsa babu komai, wannan mun sani. Ta gefenta ma babu komai.

Ya juya ga mai ba da fitila. "Ina Semisi?"

"Tun Litinin bai rataya ba."

"Hutu ya ɗauka?"

Mutumin ya ɗauki wata fitila ya hau goge ta, alhali babu abin da ya same ta.

Ni ce na yi ta cika baki ina cewa sakamako sirri ne, kuma likitocin ba su faɗa wa kowa ba. Amma a mahaƙa ba sai an faɗa ba, allon lamba yana nan a bakin ƙofa kowa yana gani. Lyle ya ajiye jakarsa, ya zauna a kan benci. A gaban likita bai girgiza ba, a nan kuwa hularsa ta faɗi ƙasa bai ɗauka ba. Na ɗauki hular, na zauna kusa da shi.

Da yamma ya ce in kai shi gidan Semisi. Muka same shi a ƙofar gida yana gyara keken 'yarsa.

"Ɗan tabo ne kawai, Tsoho," ya ce yana murmushi. "Likita ya ce an gan shi da wuri. Ka ga da ba ka shiga ba, da ban sani ba. Ni ne da godiya."

"Aiki fa?"

"An ce ba ni ba ƙura. Suna duba mini wani abu a sama."

Babu wani abu a sama, dukanmu mun sani. Guraben sama 'yan kaɗan ne kuma duk da masu su. Gidan da suke ciki na kamfani ne, tare da aiki ake ba da shi, tare da aiki ake karɓewa. Losaline ta leƙo ta taga, ta gan mu, ta saki labule.

Da muka koma Mackay karo na biyu, likitar tana yi masa bayanin tukunyar iska, sai ya katse ta. Ya ce yana da tambaya ba game da kansa ba. In mutum ya yi kusan shekara biyu yana tsayuwar mutum biyu a ƙasan iska, wannan ne zai jawo masa?

"Babu mai iya cewa," ta ce. "In ya daɗe a rami, wataƙila da ma abin yana tafe."

"Amma bai taimaka ba."

Ta gyaɗa kai. "Bai taimaka ba."

Tun daga ranar bai sake tambayar kowa komai game da ciwonsa ba.

Pritchard kuwa ya kawo kek wurin shayin safe, ya ce a duk mahaƙun kamfanin mu ne muka fi yawan shiga gwaji. Aka tafa mini, aka ba ni takardar yabo a cikin gilashi. Tana nan a bayan kujerar motata, fuska a ƙasa. Ba na ce shi mugu ne ba, aikinsa ya yi. Ni ma nawa na yi.

Ayarin suna gaishe ni har yanzu, cikin ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa baƙo. In na shiga ɗakin cin abinci sai hira ta mutu. Gavin ya daina tsokanata. Sau ɗaya kawai ya tare ni a wurin ajiye motoci ya ce, "Mutum biyu muka rasa, Raelene. Kin san abin da yaran suka koya? Wanda ya shiga tirela ba ya dawowa." Na ce Semisi zai ga auren 'ya'yansa saboda ya shiga. Ya ce, "Ƙila. Je ki faɗa musu." Kwanan baya na sake gangarawa zagaye, na ga Gavin ya durƙusa a tsakiyar hanya yana ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Da lokacinsa na ƙasan iska ya yi, wani ne ya gyara tsayuwa ya ɗaga babban yatsa. An ce tirelar za ta dawo baɗi, kuma ban san da wane bakin zan kira su ba.

Ranar da su Semisi za su tashi zuwa garin Logan wurin dangin Losaline, sun biyo ta gidan Lyle, katifu a ɗaure a saman mota, yara a cushe a baya. Losaline ta hau baranda ta ajiye masa ƙunshin nama da ganyen gwaza, da ɗuminsa. Ta ce, "Allah ya ba ka sauƙi," idonta a kan ƙunshin, ta koma mota. Semisi ya tsuguna a gaban kujerar Lyle, ya ciro lambarsa daga aljihu, ya kama hannunsa ya sa masa.

"Riƙe mini, Tsoho. Can babu allo."

Lyle ya so ya janye hannun, don ba a taɓa lambar wani. Semisi ya dunƙule masa yatsun a kanta da ƙaton hannunsa, ya miƙe, ya sauka. A tsakiyar matakalar ya ɗan yi tari, sau ɗaya kawai, ya ɗaga mana hannu kamar ba komai.

Yanzu Lyle ba ya sauka daga baranda. Nan yake wuni da roba a hanci, kare a ƙafarsa, kwale-kwalen yana tsakar gida ganye ya cika shi. Kullum in na tashi aiki nakan biya in kai masa abinci. Ba ya fushi da ni, da ma fushin yake yi da ya fi mini sauƙi. Ya koma ce mini Auta. Tambayarsa ɗaya ce in na zo, ko Semisi ya kira, in ya kira kuma yaya muryarsa.

Ranar Lahadin da ta wuce na tarar ya buga ƙusa biyu a jikin ginshiƙin baranda, gefe da gefe. Allah kaɗai ya san tsawon lokacin da ya ɗauka da gudumar nan, don har na zo bai gama hucewa ba. Ya rataye lambobin, tasa da ta Semisi.

"Lyle," na ce, "ka san lamba a rataye tana nufin mutum yana ƙasa bai fito ba."

"Na sani, Auta."

Na ajiye masa abincinsa. Yana ta jan iska ta robar nan a hankali. Allurar ma'aunin tukunyar iskar ta kusa taɓa ja, alamar ta kusa ƙarewa, sai na shiga ciki na ɗauko masa wata.